Kwalbatinmu ya rufta, kansila ya ce ba kuɗi: wa za mu riƙe?

"Assalamu alaikum Baba. Ni ne sakataren ƙungiyar matasa a wani ƙaramin gari nan jihar Kebbi. Damina biyu kenan kwalbatin hanyar kasuwarmu ya rufta, in an yi ruwa sai ya juyo cikin gidajen mutane, burtsatsen bakin masallaci ya lalace, shara ta cika bayan rumfuna. Amma duk ranar kasuwa sai an zo an karɓi kuɗi hannun 'yan tireda da masu dabbobi. Mun je wurin kansilanmu ya fi sau biyar, kullum magana ɗaya ce, ba kuɗi. To ba an ce kotu ta ba ƙananan hukumomi 'yancinsu ba? Don Allah wa za mu riƙe, kuma ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da kai da abokan tafiyarka. In na fahimce ka, abu uku ke damunku, kwalbati da burtsatse da shara, sai kuma abin da ya fi ci muku rai wato ana karɓar kuɗi a kasuwa amma ba ku ganin inda yake zuwa. Ni na yi shekaru da yawa ina aikin ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, na fara a sashen kuɗi daga baya aka mai da ni wajen tsare-tsare da kasafi, saboda haka irin wannan koken na ji shi ba adadi, wani lokacin ma ni ne wanda ke zaune bayan tebur yana cewa ba kuɗi. Don haka bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki.

Da farko dai ka sani abubuwan nan da ka lissafa ba alfarma kuke nema ba. Tsarin mulkin 1999 a jadawali na huɗu ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai kasuwanni da tashar mota da mahauta da maƙabarta, da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya da noma tare da gwamnatin jiha. Kenan kwalbatin cikin gari da sharar kasuwa nata ne kai tsaye, babu wani kwana-kwana. Sai dai abu ɗaya da za ku fara tantancewa kafin ku ɗaga murya, hanyar da kwalbatin yake kanta ta wa ce? In babban titin da ya ratsa garinku ne wanda ya haɗa jiha da jiha to na tarayya ne, hukumar gyaran hanyoyin tarayya FERMA ke da gyaransa, in na jiha ne ma'aikatar ayyuka ta Birnin Kebbi, in kuwa layin cikin gari ne da ya shiga kasuwa to na ƙaramar hukuma ne. Na ga mutanen da suka shekara suna zagin ciyaman a kan gadar da ba shi da ikon taɓa ta.

Ina kuɗin yake tafiya

Nan ne zan ɗan daɗe, don duk wanda bai gane wannan ba zai yi ta faɗa da wanda bai kamata ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, mu a Kebbi muna da 21 da mazaɓu 225. Daga asusun tarayya ana ba tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi duka 20.60, a kuɗin harajin sayen kaya na VAT kuma suna da kashi 35. A takarda kuɗi ne mai kauri, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. Amma shi tsarin mulkin da kansa a sashe na 162 ya ce a buɗe asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, kuɗin ya fara sauka can. To a can ne ake yanka. A cire albashin malaman firamare a tura hukumar ilimin firamare ta jiha wato SUBEB, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire kason masarautu, a cire na horar da ma'aikata, sannan a zo ga abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa wanda sau da yawa ciyaman sai dai ya ji an ce an saya wa ƙaramar hukumarsa kaza ko an ba da kwangilar kaza. Abin da ya rage shi ke isowa sakatariya, a biya sauran ma'aikata da alawus na 'yan siyasa da mai da gyaran motoci da ɗawainiyar jami'an tsaro, kuma wallahi akwai watannin da na gani da idona bayan an gama wannan abin da ya saura bai isa gina ajin makaranta ɗaya ba. Ga kuma albashi ya hau, tarayya ta kai mafi ƙaranci naira 70,000 a 2024, Kebbi ta sanar da 75,000, abu ne mai kyau ga ma'aikaci amma daga aljihu ɗaya ake ɗiba.

Maganar kotu da ka yi gaskiya ce. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnonin jihohi 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ta ce naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Shi ya sa ka ga jihohi sun yi ta rige-rigen yin zaɓe, Kebbi ta yi nata ƙarshen watan Agustan 2024, maƙwabtanmu Zamfara suka yi a Nuwamba, kuma a jihohin biyu jam'iyyar gwamna ce ta kwashe kujerun ciyaman duka, a nan APC a can PDP. Ka riƙe wannan a ranka, don shi ne tushen matsalar. Hukunci daban aiwatarwa daban, an kafa kwamiti a Abuja, an yi ta maganar buɗe asusu a Babban Banki, aka shafe fiye da shekara ana jan ƙafa. Kuma ko da kuɗin ya faɗo kai tsaye, ciyaman ɗin da ya san wanda ya ba shi tikiti ba zai ƙi amsa waya ba in an kira shi daga sama. Ko a 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, mun ga yadda aka bi ta bayan gida aka ci gaba da harka.

Ban faɗi wannan don in wanke ciyamomi ba. Akwai wanda ɗan abin da ya iso ɗin ma ba ya bari ya kwana, akwai wanda sai ƙarshen wata ake ganinsa a sakatariya sauran kwanakin yana Birnin Kebbi ko Abuja. Amma in kansila ya ce maka ba kuɗi, a bakinsa gaskiya ya faɗa, domin shi kansilan mazaɓa ba ya riƙe ko kwabo na aiki. Aikinsa ya zauna a majalisa a amince da kasafi, a yi dokokin cikin gida, ya kai koken mazaɓarsa. Mai sa hannu a fitar da kuɗi shi ne ciyaman da daraktan ma'aikata da ma'aji. Zuwanku wurinsa sau biyar da baki kawai kamar shuka dusa ne, shi ma in ya je ya faɗa da baki a ofishin ciyaman akwai kansiloli tara ko goma da ke faɗin irin nasu.

Kuɗin kasuwa shi ne igiyar da ke hannunku

A ganina nan ya kamata ku sa ƙarfinku. Kuɗin Abuja yana da nisa da ku, amma na kasuwa a gabanku ake karɓarsa, daga aljihun iyayenku yake fita, kuma ba ya bi ta asusun haɗaka. Dokar haraji ta 1998 da ta raba wa kowane mataki na gwamnati abin da zai karɓa ta ba ƙaramar hukuma kuɗin kasuwa da na tasha da na mahauta da na shaguna, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. To abin da na sani a aikace shi ne mafi yawan wannan kuɗin ba ya isa baitulmali. Wani wurin an ba wani ɗan siyasa kasuwar kamar kwangila, ya kawo wani abu ƙayyadadde duk mako sauran nasa ne da yaransa. Wani wurin mai karɓa yana da littafin rasit biyu, na gwamnati da wanda ya bugo da kansa. Wani kuma ba ya ba da rasit ɗin sam, mai akuya shi ma ba ya tambaya don an rage masa.

Ga abin da za ku yi, kuma ba ya buƙatar faɗa da kowa. Ku zauna da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa da sarkin fawa da 'yan kamasho, ku roƙe su kowa ya riƙa karɓar rasit yana ajiyewa. Ku sa yara biyu masu hankali su ƙirga rumfuna da masu shimfiɗa da kawunan dabbobin da ke shiga kara, kasuwa huɗu a jere, ku rubuta nawa ake karɓa a kan kowanne. A ƙarshen wata za ku samu ƙiyasin abin da kasuwarku ke tarawa. Ranar da kuka shiga ofishin ciyaman da wannan takardar maganar ta canza, don yanzu ba cewa kuke a taimaka mana ba, cewa kuke kasuwarmu na kawo kusan kaza a wata, muna roƙon a ware na wata biyu ko uku a gyara hanyar da ake bi a shigo ta. Sau da yawa ma shi ciyaman ɗin bai san adadin ba, abin da ake kawo masa kawai ya sani, kuma na taɓa ganin wanda irin wannan lissafin ya sa ya canza masu karɓar kuɗin gaba ɗaya saboda ya gane shi ma cutarsa ake yi. Amma ku yi hattara, kada ku ce wa 'yan kasuwa su daina biya, wannan zai ba da ƙofar a kira ku masu tada zaune tsaye a kawo 'yan sanda, kuma masu cin kuɗin nan 'yan garinku ne, wani ƙanen babanka ne wani surukin limaminku ne, sai da lalama.

Yadda ake kai koke ya zama aiki

Akwai wata shekara da mutanen gari biyu suka zo mana cikin mako ɗaya. Na farko sun zo mota biyu cike, da maroƙi, suka karanto buƙatu sun fi goma, asibiti da wuta da hanya da sakandare da taki, aka ba su ruwa aka yi hoto aka ba su kuɗin mai suka tafi, ba a sake tada maganar ba. Na biyu mutum huɗu ne, wakilin hakimi da wani malamin makaranta mai ritaya da wata shugabar mata da saurayi ɗaya kamarka, takarda shafi ɗaya suka kawo a kan rufin ɗakin haihuwa da iska ta yaye, da hoto, da lissafin kafinta na kwano da katako da ƙusa, kuma suka rubuta cewa su za su kawo yashi da leburori. Na ɗauki takardar nan na sa ta cikin kasafi ba tare da wahala ba saboda sun riga sun yi min rabin aikina. Kafin damina aka rufa.

Don haka ku zaɓi abu ɗaya, ni a nawa kwalbatin ne tunda shi ke rusa gidaje. Ku samu magini ko wani ɗan garinku da ya karanta injiniya ya auna ya fitar da lissafin siminti da rodi da tsakuwa da kuɗin aiki. Ku ɗauki hoto lokacin da ruwa ke ciki. Ku rubuta takarda zuwa ga ciyaman ta hannun kansila, kwafi ga daraktan ayyuka da uban ƙasa da ɗan majalisarku na jiha. Hakimi ya sa hannu, limami ya sa, sarkin kasuwa ya sa, kuma don Allah ku sa mata a ciki don su ne ke kwashe ruwa daga ɗaki da tsakar dare. In kun kai ofis kada ku baro sai an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku da kwanan wata. Wannan hatimin ƙaramin abu ne amma shi ke hana a ce ba mu gani ba.

Lokaci kuma yana da muhimmanci fiye da yadda mutane ke zato. Shekarar kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba, ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, daga nan a kai ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu a kare shi. Mutanenmu kuwa sai Agusta da ruwa ya ci gida suke zuwa da kuka, lokacin ba a iya zuba kankare kuma ba a sa aikin a kasafi ba, sai dai a ba da buhun shinkafa da tabarma a ce jaje. Ku kai takardarku da kaka, ku bi ta har ku ga an rubuta sunan aikin da sunan garinku a kasafi, sannan ku matsa a yi shi da rani kafin watan Yuni. Shigarsa kasafi ba ya nufin an yi, na ga aikin da ya shekara huɗu yana maimaituwa a takarda, amma rashin shigarsa hujja ce da za a kore ku da ita cikin sauƙi.

Kada ku raina uban ƙasa. A doka ba shi da kasafi, amma a ƙasar Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru har gobe ciyaman ba ya son uban ƙasa ya kira shi sau biyu a kan magana ɗaya, balle a ce ta kai fadar sarki. Su matasa suna yawan tsallake wannan hanyar su tafi Facebook kai tsaye. Facebook na da amfaninsa, in kun sa hoton kwalbatin da kwafin takardar mai hatimi da tambaya cikin ladabi zai yi tasiri, amma in aka fara da zagi to an mai da ku 'yan adawa kenan ko da ba ku da jam'iyya, kuma daga ranar duk abin da kuka kawo za a ce turo ku aka yi.

Burtsatse da shara

Waɗannan biyun gaskiya ba zan ba ku shawarar ku jira kowa ba. Ku duba allon da ke jikin burtsatsen ku ga wa ya haƙa, ƙaramar hukuma ce ko hukumar ruwan karkara ta jiha ko aikin mazaɓa na wani ɗan majalisa, don a san ƙofar da za a buga in lalacewar babba ce. Amma in na tuƙa-tuƙa ne yawanci roba ce ta cinye ko sanda ta kwance, in mai sola ne a duba famfon da wayoyi, abin da makaniki zai gama a yini ɗaya. Garuruwan da na ga ruwansu bai yankewa su ne masu kwamitin ruwa da ke karɓar ɗan wani abu a kan kowace jarka daga 'yan garuwa, a ajiye hannun amintacce ana karanta lissafi a masallaci duk wata. Shara kuma ku nemi duba-gari na sashen lafiya ya zo ya nuna wurin zubarwa, ku yi aikin gayya ku kwashe, ku roƙi ƙaramar hukuma tifa da mai kawai. Kuma a nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, rabin kwalbatocin da na ga sun rufta leda da shara ne suka toshe su ruwa ya ci gefe, wani kuma an yanka fili an yi gini a kan hanyar ruwa kowa na kallo aka yi shiru saboda mai ginin babba ne. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. In ba a daina zuba shara a magudanar ba sabon kwalbatin ma damina uku ba zai yi ba.

In duk an yi an ƙi ji

Akwai sauran ƙofofi. Abin da aka ba kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi, ofishin babban akanta na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna sa shi a intanet, ka duba na taku da wayarka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubutawa ku nemi kwafin kasafi, an ba hukuma kwana 7 ta amsa, ba lallai su amsa ba amma takardar na girgiza ofis. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a mai ofis a babban birnin jiha kuma ba a biyan ko sisi, akwai babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha, akwai kwamitin majalisar dokoki mai kula da ƙananan hukumomi. In kuma kun gano an taɓa ba da kwangilar kwalbatin an biya ba a yi ba, wannan maganar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ce, amma kada ku je sai da takarda a hannu, zargi da baki zai iya juyowa kanku.

Sai dai in gaya maka iyakar abin da wannan hanyar ke iya yi. Tana aiki a kan ƙananan abubuwa, kwalbati, rufin aji, gyaran rumfa, mahauta. In abin naku ya kai zaizayar ƙasa mai cin unguwa ko gada a kan gulbi, ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko da ciyaman waliyyi ne, sai jiha ko tarayya, nan ɗan majalisarku ne abin riƙo. Haka nan a yankunan da matsalar tsaro ta yi tsanani kamar wasu sassan ƙasar Zuru da yawancin Zamfara, ɗan abin da ya rage a asusun tsaro ke cinye shi, ɗan kwangila ma ba ya yarda ya shiga, a can dole haƙurin ya fi haka tsawo. Kuma ni daga bayaninka kawai nake magana, injiniyan da ya tsaya a bakin ramin shi zai faɗa muku ko gyara ne ko sai an fasa an sake.

Wannan makon ku fara da abu biyu, ku je ku gaida hakimi ku gaya masa niyyarku kafin ya ji a bakin wani, sannan ranar kasuwa mai zuwa yaran nan biyu su fita da littafi da biro. In kun haɗa lissafin kasuwa huɗu da na magini ka turo min in duba muku takardar kafin ku kai.